Bakatsinen da Ya Koyi Nufanci a Ɓoye

Akwai wani Bakatsine a Tudun Wadar Kaduna, Armaya'u mai gyaran rediyo. In ka bi ta bayan Kasuwar Barci za ka ga shagonsa, cike da gawarwakin rediyo da talbijin har rufi. Mutum ne mai kunne. Rediyo na fara kuka daga bakin ƙofa zai gaya maka abin da ya ƙone a cikinta, tun mai ita bai gama sallama ba. Da wannan kunnen yake taƙama a duk inda ya zauna, kuma shi ne ya ja masa abin da za ku ji.

Matarsa Banufiya ce, 'yar Bida, sunanta Hawawu. To kun san tsakanin Katsinawa da Nufawa, wasa ne na kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Ranar ɗaurin aure ma sai da kawunnanta suka ce su ba 'ya suka bayar ba, bara suka samu mai gyara musu rediyo. Dangin ango suka ce ai babu laifi, gidan Katsina ya samu mai dafa kifi, ko da yake shi angon ko warin kifi ba ya so. Aka yi dariya aka watse. Aure kuwa ya zauna daram, shekara goma sha huɗu, da 'ya'ya biyu, Rumasa'u da ƙaninta Mannir.

Tun Rumasa'u na ciki Armaya'u ya kafa doka. Ya ji wani shiri a rediyo inda aka ce yaron da ya tashi da harshe biyu ya fi sa'o'insa kaifin ƙwaƙwalwa, shi kuwa duk abin da rediyo ta faɗa ya zauna. Ya ce uwa ta riƙa yi wa yara Nufanci zalla, shi kuma ya yi musu Hausa, Hausar ma ta Katsina, ba wadda aka tsinka da ruwa ba. Da Hawawu ta ce to shi fa, ba zai ɗan tsinci ko gaisuwa ba, sai ya gyara hula ya ce ina aka taɓa ganin ubangida ya zauna koyon yaren baransa. Ta yi dariya ta ce Allah ya ba ubangida haƙuri.

Doka ta yi aiki har ta wuce inda ya so. Yaran suka tashi da baki biyu, kowanne garau. Mannir sai ya fara zance da Hausa yana kallon uban, ya juya wajen uwar ya ƙarasa da Nufanci, ko numfashi bai sake ba. In baƙi suka zo Armaya'u ya riƙa kiran yaran ke nan yana sa su ƙirga da yaren nan su ƙirga da wancan, shi yana gefe yana washe baki, kai ka ce shi ya ƙirƙiro Nufancin. Unguwa kaf babu wanda bai ji labarin shirin rediyon nan ba, wasu sun ji shi sau goma.

Ita Hawawu da Hausa take yi masa magana, kuma Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Sai dai Armaya'u irin mazan nan ne da mace na buɗe baki sai bakinsu ya kama aiki shi kaɗai, hankali yana can wani gari. Rediyonta ta ɗaki ta mutu shekara uku, a gidan mai gyaran rediyo. Kwanon rufin kicin na yoyo duk damina, har ta san inda ake ajiye kowace roba tun hadari bai haɗu ba. Tsohuwarta a Bida ta yi aike ya fi a ƙirga a kai mata jikoki ta gani. Duk ta faɗa masa, ta sake faɗa, amsarsa guda ce ba ta canzawa: to, to, za a duba.

Abin da ya fara ci masa rai shi ne dariyar cin tuwo. Ana zaune a tabarma bayan magariba, sai uwar ta jefa 'yan kalmomi da Nufanci, sai yara su kece da dariya, Mannir har tuwo ya sarƙe shi a ba shi ruwa. In uban ya ce mi aka ce, sai Rumasa'u ta share hawaye ta ce ba komai Baba, labarin wata akuya ne a Bida. Gobe ma akuya, jibi ma akuya. Yau ta shiga kasuwa da hula, gobe ta yi barci tana sauraren labarai. Akuyar nan ta Bida ta daɗe tana ba gidan dariya, shi ma maigida wani lokaci yakan taya su don kada a bar shi a baya.

Sai ran nan ɗan baffansa Sada, mai sayar da wayar lantarki a shagon da ke jikin nasa, ya biyo shi gida cin tuwo. Akuya ta fito kamar kullum. Sada ya cinye tuwonsa tas ya yi godiya. Washegari da safe, Armaya'u na buɗe shago, ya leƙo ya ce, "Wai ni ɗan'uwa, akuyar nan ta Bida, ka taɓa tambaya ko gemunta irin naka ne?"

Armaya'u ya yi dariyar yaƙe ya ce Sada ba ya rabo da sharri. Amma maganar ta shige shi. Ranar rediyo uku ya buɗe ya rufe bai san me ya taɓa a cikinsu ba. Ya shafa gemu ya fi sau ɗari. Gaskiya abin ya yi masa zafi, don yana son yaran nan kamar ransa, kuma sai yanzu ya ga ashe rabin rayuwarsu a wani ɗaki suke yinta wanda shi ba shi da mabuɗinsa. Gida nasa, 'ya'ya nasa, amma ya zama kamar ɗan haya. In dai shi ne akuyar, to shekaru ke nan ana cin namansa a gabansa yana taya su dariya.

Hana Nufancin ba zai yiwu ba. Shi ya kafa dokar, shi ya cika unguwa da ita, in ya soke ta da wane ido zai kalli mutane? Tambaya kuma ba ta da amfani, akuya za a sake ba shi. Saboda haka ya yanke shawarar da shi a ganinsa babu Bakatsinen da ya taɓa yin mai kaifinta: zai koyi Nufanci a ɓoye, ya yi lamo, ya kama su dumu-dumu.

Ya yi cigiya a hankali aka haɗa shi da wani dattijo a Tudun Nufawa, Baba Jiya, mai sayar da bandar kifi. Baba Jiya ya saurari buƙatarsa har ƙarshe, ya kalle shi sama da ƙasa, ya tambaye shi garinsu. Da ya ji Katsina sai ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da ya nuna masa wannan rana. Ya ce shi ba ya son ko sisi. Sharaɗinsa biyu ne kawai: duk zuwa sai ɗalibi ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe ubangidana, sannan in ana karatu ya riƙe mafici yana kore wa kifi ƙuda.

Armaya'u ya tashi ya tafi. Ya kai bakin titi ya tuna da gemu, ya dawo ya durƙusa.

Haka aka fara, Talata da Alhamis bayan azahar. Ya bar wa Sada jiran shago ya ce sayen kayan gyara yake zuwa. Ka ga ƙato da gemunsa zaune a kan benci tsakanin kwandunan kifi, hannu ɗaya mafici, hannu ɗaya biro, yana toshe numfashi yana maimaita abin da aka ce. Harshe ya ƙi lanƙwasuwa. Baba Jiya ya ce shi bai taɓa ganin harshe mai tauri irin na Katsinawa ba, sai ka ce busasshen kara aka sa musu a baki. Mata masu sayen kifi sukan tsaya su sha kallo, wata har ciniki take ja da gangan don ta ji ƙarshen darasi. Armaya'u ya cije, yana rubuta komai a wani ɗan littafi da yake sokewa can cikin aljihun jamfarsa, wurin da ya tabbata babu mai kai hannu.

Sati biyun farko gaisuwa aka yi da ƙirga. Daga sati na uku karatu ya ɗauki wata hanya da ta ɗan ɗaure masa kai. Baba Jiya ya koya masa yadda ake cewa rufi, da yoyo, da tsani, da guduma. Ya koya masa tashar mota, da hutun makaranta, da suruka, da tsohuwar hula. Sai yabo iri-iri: gwani, jarumi, mai hannu, mai zuciyar alheri. Armaya'u ya ce Baba, ni fa zagi na zo nema, a koya mini kalmomin gulma da na habaici. Baba Jiya ya ce zagi ajin ƙarshe ne, ba a fara gini daga sama, ya ci gaba da fifita don ƙuda sun taru a kan kifin ragon ruwa.

Duk Talata da Alhamis haka yake komawa gida yana bugawa kamar kwandon banda. Kyanwar maƙwabta ta fara raka shi har ƙofa. Wata Alhamis Hawawu ta karɓi jamfarsa ta ɗan nisanta ta da hancinta, ta ce, "Malam, yanzu har kifi ake kawo muku gyara a shagon?"

Ya ce, "To, to, za a duba."

Sai da aka yi wata biyar ana wannan wahala kafin kunne ya buɗe. Damina ta faɗi a lokacin. Ran nan bayan an ci tuwo ya ja kujerarsa gefe, ya kara ƙaramar rediyo a kunne, ya rage murya har ta mutu, ya lumshe ido kamar mai bin labaran duniya. Suna ta hirarsu da Hausa, shi kuwa ya bar kunnensa ya huta, don ba ita ya zo farauta ba. Can sai ya ji Hawawu ta juya harshe. Ya kasa kunne. Ya ce a ransa yau akuya za ta ci gidansu.

Abin da ya ji, a hankali take faɗarsa, kalma bayan kalma, kamar ta san akwai mai bi da ƙyar. Ta ce wa yaran su dubi ubansu da kyau, duk faɗin Kaduna babu mai hannu irin nasa, gwani ne ɗan gwani. Rumasa'u ta ce to in haka ne me ya sa rediyon ɗaki ta shekara uku a mace? Uwar ta ce ke yarinya ce, gwani ba ya sa wa rediyon matarsa kayan gyara na banza, mai kyau yake jira, kuma jikinta na ba ta kafin Juma'a za su ji ta tana magana.

Armaya'u ya ƙara matse rediyon a kunne. Ya zo kama ɓarayi ya tarar ana yi masa addu'a. Kunya ta rufe shi, har ya juya fuska bango don kada a ga idonsa. Washegari ya ɗauki rediyon nan a ɓoye ya kai shago. Wata 'yar waya ce ta tsinke, aikin da bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Ya goge ta, ya sa mata sabon batir, ya maido ta inda take ya yi kamar bai san zancen ba. Da yamma ya ji uwar na ce wa yara da Nufanci, ba na gaya muku ba? Daren nan tuwo biyu ya ci.

Daga nan fa ya kamu. Kullum Allah-Allah yake ya rufe shago ya zo ya kara matacciyar rediyo a kunne. Ya ƙware wajen tace zance: in Hausa ake yi ya sake jiki ya yi tunanin kasuwa, ko dariya suke ba ruwansa, da an juya Nufanci kunnuwa su miƙe.

Bayan kwana huɗu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kicin ya cika da robobi. Mannir ya ce da Nufanci baban su Nura na gidan gaba da kansa ya hau rufi ya toshe nasu. Uwar ta ce wane baban Nura, ai ubanku yana saurayi sandunan eriya yake hawa waɗanda suka fi hasumiya tsawo, da hannu ɗaya, jira kawai yake rana ta fito. To shi Armaya'u tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa hawa abin da ya fi benci ba, ko gadar sama ya hau sai ya riƙe ƙarfe. Amma yaya zai yi, a ce 'ya'yansa su ji baban Nura ya fi shi? Rana na fitowa ya aro tsani, ya kira Sada ya riƙe masa. Ya hau yana karanto duk addu'ar da ya sani, wando ya kama ƙusa ya yage tun daga baya. Ya buga abin da zai buga, ya shafa kwalta, sannan saukowa ta gagara, sai da aka yi rabin awa ana lallashinsa. Daga ƙasa yana jin Hawawu na cewa ku ga jarumi, ko tsoro babu. Sada ya ce mi take cewa? Armaya'u ya ce shi ina ya sani, ya dai riƙe tsani da kyau.

Akwai wata hula da ya shekara tara da ita, wadda asalin launinta sai dai a tambayi masu dogon tunani. Ya ji ana cewa da Nufanci tunda ya hau rufin nan ya koma kamar saurayi, tsohuwar hular ce kawai ke ƙara masa shekaru. Ba a sake ganin hular ba.

Da hutun makaranta ya matso, sai ya ji labarin tsohuwa ta Bida. Wai duk cikin surukanta babu wanda take sa wa albarka kamarsa. Wai ta ce ta san zai kawo mata jikoki a hutun nan, shi dai mutum ne da ba ya son a san alherinsa kafin ya yi. Ana ba da hutu Armaya'u ya shigo gida yana wani basarwa, ya ce kowa ya haɗa kaya, jibi sai Bida. Yara suka yi tsalle, Hawawu ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah, Malam kamar ka shiga zuciyata. Ya ce ai shi maigida ba sai an gaya masa ba.

A Bida kuwa abin ya wuce misali. Tsohuwa ta rungume jikoki tana kuka, ta yi ta hira da su da yarenta ba mai fassara, har shi kansa ya ji daɗin dokar da ya kafa. Sannan ga yabo ta ko'ina. Kawunnan nan da suka ce bara suka samu, su ne yanzu ke zama kusa da shi suna hira da Nufanci a tsakaninsu, a hankali, da ƙarfi kuma, suna cewa wannan suruki ba a taɓa yin irinsa ba, ko kallon mataccen abu ya yi sai ya tashi. Ɗaya ya ce ji yake ma fankar zaure zai duba ba tare da an roƙe shi ba. Wani ya ce ai har talbijin ɗin gidan liman. Kwana huɗu suka yi, kwana huɗun nan Armaya'u bai ga garin Bida ba. Yana zaure da sukundireba, an jere masa rediyoyi da fankoki da tocila na unguwa guda, yana gumi yana murmushi, kawunnai na zaune a inuwa suna taunar goro suna yaba hannunsa.

Da suka dawo ya kasa riƙe abin a cikinsa, ya fasa wa Sada sirrin tun daga mafici har Bida. Ya ce wata huɗu yana saurare, ko sau ɗaya ba a ambace shi da mugun abu ba, ita akuyar ma ko ƙafarta bai sake ji ba. Sada ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai shekararsa ashirin da aure, bai taɓa jin macen da ta yi wata huɗu tana yabon miji ba hutun Juma'a ba, ko dai a sake dubawa. Armaya'u ya ce hassada ce ke cinsa, ba kowa Allah ke ba mace ta gari ba.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don ya san ya zalunci baiwar Allah da mugun zato. Ga kuma wani abu na cinsa: ya sha warin kifi wata tara, ya durƙusa wa Banufe ya fi sau saba'in, a ce babu wanda zai san ya iya? Sai ya shirya bayyana kansa. Ya sa Baba Jiya ya tsara masa jawabi na neman gafara, suka yi sati biyu suna bita. Duk bitar da za a yi sai tari ya kama Baba Jiya ya juya baya kafaɗunsa na rawa, ya ce hayaƙin banda ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya gayyato Sada cin abinci, don ya zama shaida ya kuma ji kunya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Hawawu ta kawo shinkafa da miya ta koma gefe kan kujerar tsuguno tana yankan kuɓewar dare. Ana tsakiyar ci Armaya'u ya miƙe, ya gyara sabuwar hula, ya yi gyaran murya, ya saki Nufanci.

Ya ce shi ne maigidan nan, kuma yau wata huɗu ke nan yana jin duk abin da ake faɗa. Ya ce ya zarge su da cin namansa, ya je ya koyi yarensu don ya kama su, sai Allah ya nuna masa matarsa da 'ya'yansa sun fi shi zuciya mai kyau. Ya roƙi gafara. Ya kai ƙarshe, ya tsaya yana jiran a saki cokali, a yi salati, wata ma ta faɗi a yayyafa mata ruwa.

Mannir ya miƙa kwano ya ce a ƙara masa miya. Rumasa'u ta ce Baba ya yi ƙoƙari wallahi, ta ci gaba da cin abincinta. Hawawu ko wuƙar ba ta ajiye ba, ta ce masa sannu da ƙoƙari, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Armaya'u ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya koma Hausa ya ce, "Wai ba ku ji mi na ce ba? Nufanci fa na yi."

Hawawu ta ce, "Mun ji, Malam. Ai littafinka tun sati na biyu na tsince shi a wanki, ni na shanya maka shi na mayar aljihu. Matar Baba Jiya kuma ajinmu ɗaya a Islamiyya, ta hannunta nake aika masa abin da za a koya maka."

Tsani da guduma da tashar mota da tsohuwar hula suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna zauren Bida da kawunnai a inuwa. Ya tuna wandonsa. Sada ya kifa kai a gwiwa, shinkafa na fita ta hancinsa, Mannir na bubbuga masa baya. Armaya'u ya zauna a hankali, ya ciro hular ya dube ta ya mayar. Ya lalubi abin da ya rage masa na mutunci, ya samu guda ɗaya tak, ya riƙe shi da hannu biyu.

Ya ce, "To na ji. Amma ko ba komai, tsorona ya sa wata huɗu cur ba a yi gulmata a gidan nan ba."

Hawawu ta zuba kuɓewa a faranti ta ce, "Wa ya gaya maka? Kullum sai mun yi, kana zaune. Da Hausa muke yi, tunda ita ce ba ka saurare."